Ƙudan Rago Ya Bar Mini Tabo a Ido

A lokacin ina ɗinki a cikin gida a Unguwar Shanu, ina kuma kiwon raguna biyu da nake sayarwa gab da babbar sallah. Ni mace ce mai taurin kai, ban ɗauki zuwa asibiti a bakin komai ba. Abin da nake taƙama da shi idona ne, don ko da magariba nakan zura zare a allura ba tare da na kunna fitila ba.

Ana saura mako guda sallah, ɗaya ragon ya kama atishawa da majina. Na sunkuya ina zuba masa dusa, sai wani ƙuda ya bugi idona na dama ya wuce. Na ɗauka haki ne, na murje na koma kan keke, don kayan mutane sun taru. Kafin la'asar ido ya yi ja, ina jin wani abu yana motsi a ciki. Maƙwabciyata ta hura mini, ta ce afolo ne, in rambaɗa kwalli. Wata ta ce nonon mai jego ya fi, ta tatso mini a cokali. Wata kuma ta ce ruwan gishiri. Babu wanda ban ɗiga ba. Maigida ya yi ta roƙona mu je asibiti, na ce masa sai na sallami masu kaya, ai ciwon ido ba ya kisa.

Sai da sallah ta wuce, idon ya kumbura ya rufe, sannan na bi shi. Likita ta haska, ta zaro wasu 'yan fararen tsutsotsi da hantsaki, ta nuna mini suna motsi. Ta ce ƙudan da ke zuba 'ya'yansa a hancin tumaki ne ya zuba mini. Ta ce da na zo a ranar, cirewa kawai za a yi in koma gida. Murzar da na yi da abubuwan da na ɗiga su suka jawo gyambo a baƙin idon, kuma tabon ba zai tafi ba. Wallahi kunya ta fi ciwon damuna.

Yanzu da idon dama hazo kawai nake gani. Ina ɗinki har yau, amma na bar aikin ado mai ƙananan zare, wanda da shi aka san ni.

'Yan'uwa masu kiwo, in kun ji motsi a ido kada ku murza, kada ku ɗiga komai, ku nufi asibiti a ranar. Kayan da na ƙi tashi saboda su, masu su sun sa sallah ɗaya sun manta. Ni kuwa kullum da safe sai na miƙa wa maigida allura ya zura mini zare.