Ƙidayar Tukwane a Sheshe

Ana idar da sallar asuba muka bar Kaduna, ni da direba da wani abokin aikina da ya yi ta barci tun daga Kawo, sai ƙamshin ƙosai ne ya tashe shi a Kwanar Dangora. Tun da aka koma mulkin farar hula shingayen sojoji sun ragu a hanya, sai fastocin 'yan takara da ruwan sama ya fara wankewa.

Ni ma'aikaciyar ƙididdiga ce. Sababbin kansiloli suna son sanin unguwar da ta fi buƙatar ɗakin haihuwa, alhali binciken da muka yi bara gidaje kaɗan ya shiga a kowace unguwa. In haka ta faru, mukan ari bayanan unguwa mai kama da ita mu yi kiyasi. Na unguwar Sheshe ni na yi shi, na aro daga Kabara, sai Sheshe ta faɗo can ƙasan jerin masu buƙata. Hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na roƙi a je a gani.

Muka shiga gari ta Ƙofar Na'isa. Kafin mu isa Sheshe mota ta kasa shiga lungu, muka taka da ƙafa muna cin gurasa mai ƙuli.

Mai unguwa ya haɗa ni da ungozomarsu, wata tsohuwa da kowa ke kira Baba, asalin kakanninta Barno. Abokin aikina ya tsaya a zaure, ni na bi ta ciki. Ashe ƙofar da muka rubuta gida ɗaya, bayanta sassa ne cikin sassa. Mu a aikinmu masu cin tukunya ɗaya su ne iyali ɗaya. A gidan farko na ƙirga murhu bakwai.

Baba tana tafe tana nuna mini yara, kowanne ta san ranar da ta yanke masa cibi. A bakin wani ɗaki ta tsaya.

"Matar ɗakin nan haihuwa ta gardame mata da damina," ta ce. "A amalanke muka ɗauke ta, ba mu kai bakin titi ba ta cika. Ita ma kun sa ta a lissafin?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To, 'yar nan, rubuta ta."

Na rubuta sunanta a gefen takarda, inda babu gurbi. Baba ta dama mini fura da hannunta, ta ƙi barina in tashi sai da na shanye.

Mun dawo Kaduna bayan kwana uku. Na sake kiyasin da abin da na gano, Sheshe ta hau sama. Ko za a gina ɗakin, Allah masani. Amma na koyi cewa kafin in aro wa unguwa lissafin wata, sai na fara yin sallama a zaurenta, na shiga har ciki.