Sharaɗin Tela

Duk wanda ya taɓa zama wasa da Tela ya san ba mai gaggawa ba ne. Amma ba kowa ya lura ba cewa in layi ya zo kansa, yakan danne ɗan lidon da ake jefawa da babban yatsa, kamar mai tsoron kada ya gudu.

Duk Asabar da la'asar yakan kwashe yadi da almakashi daga teburin yanka, a shimfiɗa taswira, a jera 'yan mutum-mutumin roba. Ƙaninsa ke ba da labari yana yanke hukunci, shi ya sa ake ce masa Alƙali. Tela mutum-mutumin jarumi mai garkuwa yake riƙewa, Autarsa kuwa mai warkarwa, tun tana sakandare.

A dokar wasan, mutum na iya riƙe motsinsa ya ajiye sharaɗi: in kaza ya faru, zan yi kaza. In abin bai zo yadda ya faɗa ba, motsin ya tafi a banza. Tela ya shahara da wannan har ana tsokanarsa, wai ɗinkin mutane ma haka yake yi, sai ya ji takun mai kaya.

A wasan ƙarshe kafin Auta ta tafi aiki wani gari, dodon kogo ya riga ya jigata, sara ɗaya ya isa. Kowa ya ce ya kai masa. Tela ya danne ɗan lido, ya ce shi dai in dodon ya ɗaga wa yarinyar nan gatari, zai shiga tsakani. So yake ta tafi tana tuna ya tare mata.

Dodon bai ɗaga gatari ba. Dutse ya gangaro mata da shi, mai warkarwa ta mutu nan take.

"Gatari ka ce, Yaya," in ji Alƙali, idonsa a kan taswira.

Tela ya yi ta roƙo, ai nufinsa a fili yake. Auta ce ta hana.

"Bari, Baba. Haka dokar take."

Ta yi 'yar dariya. Sai daga baya Tela ya ga ba ta sa mai warkarwar a jakarta ba, cikin gwangwanin maɓallai ta bar ta. Har yau in zancen ya taso, abin da yake cewa ɗaya ne: da ya kai saran kawai.

Ranar dai, da aka watse, ya naɗe taswira, ya hau keken ɗinki ya ƙarasa kalmasa rigar da za ta yi tafiya da ita.