Mangwaro a Wurin Alwala

Maiɗakina ba 'yar ƙasarmu ba ce. Daga kudancin Kano na auro ta, wani gari a bakin rafi, inda mangwaro yake zuba har awaki su ƙoshi su bar shi. Mu kuwa nan gefen Minjibir ƙasarmu jigawa ce, gona na jingine da gona, itatuwanmu gawo ne da kuka da tsamiya da ɗorawa. Ta zauna da ni lafiya, ta haifa mini 'ya'ya, amma duk bazara sai na ji tana cewa, "Yanzu a gida mangwaro ya nuna." Haushin maganar nake ji. Nakan ce mata, "Nan ɗin daji ne?" Sai ta yi dariya ta ci gaba da tankaɗenta.

Wata shekara ta je ganin gida, ta dawo da dashen mangwaro a tsohon gwangwani, ta rungumo shi a mota kamar jariri. Na dube shi na ce, "Wannan ba zai yi a nan ba. Ƙasar rairayi ce, ruwa yana da nisa. In inuwa kike so, a sa tsamiya ko darbejiya."

Ta ce, "Malam, ba inuwa kaɗai nake so ba."

Ni na haƙa ramin, ina haƙa ina mita. Na zuba taki da toka saboda gara, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

A wajenmu ba a ɗebo wa itace ruwa daban. Ana dasa shi ne inda ake alwala, ya riƙa shan abin da ya zuba daga hannu da ƙafa. Ita ma haka ta yi. Ta mirgino dutsen da muke zama a kai ta kafa shi a gindin dashen, ta ce daga yau wanda ya yi alwala a wani wuri a gidan nan, shi da ita ne. Ko baƙo ya zo, can za a kai masa buta. Ina tsokanarta cewa mangwaron nan ya fi kowa tsare salla a gidan. Ya kuwa kama. Da ya kai ƙuguna, sai ta kira ni in zo in ga sabon toho, ganye jajaye, masu sheƙi. Na ce na gani, ina ɓoye daɗin da na ji.

Sai fari ya zo. Gero ya bushe bai fitar da kai ba, gyaɗa ta ƙone a ƙasa. Shekarar da ta biyo baya ma haka. Muka yi ta saran rassan gawo muna ba dabbobi, gawon ko a jikinsa. Rijiyar unguwa aka yashe ta, aka ƙara wa guga igiya, aka sake ƙarawa, abin da yake fitowa rabinsa laka. Mata su wuni a can su dawo da rabin tulu. Mangwaron yana nan dai da rai, ganyensa ya langaɓe, yana jiran kowace salla.

Ran wata Juma'a liman ya ce ruwan da ya rage na sha ne, na mutane da dabbobi. Wanda bai da isasshe ya yi taimama, Allah ya yarda. Na dawo gida na faɗa. Maiɗakina tana zaune a kan dutsen da buta a hannu, za ta yi alwalar la'asar.

Ta ce, "Ko ɗan kaɗan?"

Na ce, "Duba randa ki gani."

Ba ta tashi ta duba ba, ta san abin da ke ciki. Ta kira ƙaramar 'yarmu ta juye mata ruwan butar a moɗa ta sha. Sannan ta durƙusa, ta buga tafukanta a busasshiyar ƙasar gindin mangwaron, ta shafi fuska, ta shafi hannuwa. Na fita zaure, don ba zan iya kallo ba.

Tun daga ranar a nan take taimama, a gindinsa, har ganyen ya kakkaɓe, har karan ya zama abin da za a karya da yatsa. Ban ce mata na faɗa miki ba, ko da yake ni mutum ne mai son faɗin haka.

Da damina ta dawo sosai, na ce zan je garinsu in karɓo mata wani. Ta ce a'a. Ta tsince 'ya'yan tsamiyar da ta yi mana kunu da ita, ta jiƙa su, ta tumɓuke busasshen karan da hannunta, ta binne su a ramin. Ta ce, "Wannan 'yar gida ce, ba za ta wahalar da kowa ba." Ɗaya ta tsiro. Tsamiya ba ta gaggawa. Sai da muka aurar da yaran nan kafin inuwarta ta ishi tabarma.

Da bazara ta zagayo bayan mutuwar mangwaron na kasa kunne, ban ji ta ce komai ba. Ta gaba ma haka. Har na taɓa sayo mangwaro a kasuwar Minjibir na ajiye a gabanta ko za ta faɗa. Ta sha, ta ce yana da zaƙi, ta gode. Maganar nan da na yi shekaru ina jin haushinta, ba ta sake fitowa daga bakinta ba har Allah ya karɓi ranta.

Tsamiyar yanzu ta rufe rabin tsakar gida, ba ta bukatar ruwan kowa. Dutsen yana nan, a kansa nake alwala. Ina kewar matar nan ƙwarai. In zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa ta gabas, nakan juye ragowar butar a gindin tsamiyar, in ce, "Yanzu a gida mangwaro ya nuna." Jikokina sukan tambaye ni wane gida.