Ranar da Marka Ta Kai Tsohonta Galili

Duk wanda ya taɓa cin ƙuli-ƙuli a bakin ruwan Wara ya san Marka, ko da bai san sunanta ba. Gajeriya ce mai faɗin murya, ƴar manoman kan tudu, wadda aure ya sauko da ita bakin tafkin Kainji tun tana budurwa. Mijinta Andarawus matuƙin kwale-kwale ne. Da sandar tuƙinsa da man gyaɗarta suka raini ƴaƴa biyu, Philip da ke koyarwa a Yelwa, da Loveth da ke aiki a wani otal na bakin teku a Legas.

Loveth ba ta gajiya da turo hotuna: farin rairayi, manyan laima, masu hutu kwance a rana kamar an shanya rogo. Marka takan duba ta taɓe baki, ta ce in dai rairayi ne, a jira ruwa ya ja baya. Gaskiyarta kuwa, don da zafi ya kankama tafkin yakan janye, ya bar shimfiɗar yashi mai laushi iya ganinka. Nan ne mutanen coci ke zuwa ranar Litinin ɗin Ista, fitar da suke kira zuwa Galili, da tabarmi da tukwanen shinkafa da ganguna. A ranar Marka kan sayar da ƙulin da ba ta sayarwa a mako guda.

To, tsufa ya zo wa Andarawus da mantuwa. Sai ya ci tuwo ya tambayi yaushe za a ba shi tuwo. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yakan miƙe ya ce zai tafi gida, yana nuna tsakiyar tafki, inda ƙauyen da aka haife shi ya nutse lokacin da aka tare ruwan, yana yaro. Philip ya ce mafita ɗaya ce, a sa wa ɗakin tsoho kwaɗo, ya daina fita. Marka ta ce mutumin da ya yi rayuwarsa a sarari ba za a kulle shi kamar buhun gero ba. Suka yi ta ja-in-ja, har Philip ya gindaya mata sharaɗi: ranar da Baba ya ɓace ko sau ɗaya ne, magana ta ƙare, kwaɗo zai hau ƙofa.

Da Ista ta zagayo, Philip ya roƙe ta kada ta je Galili da shi. Ta yi kunnen uwar shegu da maganar. Ta sa wa tsohonta riga mai tsabta, ta shimfiɗa masa tabarma daf da farantinta, ido ɗaya kan ciniki, ɗaya kansa. Amma ciniki ba ya son rabin ido. Matan zumuntar coci suka yanyame ta, wannan na son mai yaji, waccan na son mai sukari, kuma da ta waiwaya sai tabarma da takalmansa.

Ta kurma ihu. Aka tsayar da ganguna, aka neme shi sama ko ƙasa aka rasa. Masunta suka tura jiragensu suna leƙen ruwa. Marka, wadda ko wanki ba ta yarda ruwa ya wuce mata idon sawu ba, ta tsinci kanta a ciki har ƙugu tana kiran Baban Philip, muryar nan tata mai faɗi ta koma ƴar siririya. Philip ya kamo hannunta ya fito da ita.

Ta rabu da jama'a ta bi gefen yashi ita kaɗai, zane na ɗigar ruwa, tana kuka tana faɗa wa Ubangiji cewa laifinta ne. Can wajen da ake kifa tsofaffin jirage don gyara, sai ta ji wani gurnani da ta sani. Minshari ne, irin wanda ya hana ta barci tun daren aurensu, kuma ba ta taɓa jin abu mai daɗinsa ba.

Yana kwance a inuwar wani kwale-kwale. Ya tona rami ya binne ƙafafunsa cikin yashi mai ɗumi har gwiwa, kamar yadda tsofaffin matuƙa ke yi don maganin sanyin ƙashi. Marka ta zauna daɓas kusa da shi. Ta shirya masa faɗa mai tsawo, amma abin da ya fito dariya ce haɗe da hawaye.

Ya buɗe ido ya dube ta. "Mi ya same ki kika jiƙe haka? Sa ƙahwarki ciki, da ɗumi."

Tana cikin tura ƙafafun ne Philip ya iso yana haki. Marka ta sunkuyar da kai tana jiran maganar kwaɗo, don ta san sharaɗi ya cika. Ya daɗe tsaye yana kallon uban, wanda rabon da a ga fuskarsa a sake haka tun bara. Sannan ya durƙusa, ya ɗebo yashi da hannu biyu, ya ƙara a inda gwiwar tsohon ta fito.

"Inna," ya ce, "ke ba ki iya tsaron mutum da faranti lokaci guda. Ran Asabar ni ka kawo shi nan bakin ruwa."

Marka ta yi doguwar ajiyar zuciya. Sai a lokacin ta tuna ta bar farantin ƙulinta a buɗe tsakiyar jama'a, amma ko motsi ba ta yi ba.