Allunan Silin da Na Sauke Ba Su Bushe Ba

Masu cewa silin kamfani ne ya kashe mana sana'a ba su san komai ba. Ni na kashe ta, da hannuna da kuma bakina. A lokacin ina da shekara talatin da ɗoriya, ni ce shugabar mata shida da muke zuba allunan silin na fiyofi, farar hodar nan mai daskarewa kamar siminti, a wani kango a Rano. Mu shafa wa mazubi mai, mu dama farar hodar, mu zuba, mu shimfiɗa zaren rama a ciki don ƙarfi, mu jera a rana. Har yau idan na ji ƙamshin hodar nan sai na tuna mu, fari fat har gira, rediyo na yi, ana tsokanar wadda kwaɓinta ya kama a hannu saboda surutu. Ban ƙara yin dariya irin ta wannan kangon ba.

Babbarmu wata dattijuwa ce daga Madachi, Inna muke ce mata. Ba a sauke allo sai ta kara shi a kumatunta. In ta ji sanyi, ta ce a mayar, da sauran ruwa a cikinsa, ko da ya yi tauri kamar dutse. Ni kuwa shekarar ce na shiga makarantar manya, na fara haɗa baƙi, kaina ya kumbura.

Da damina aka ba mu aikin silin wata Islamiyya a Kibiya, aiki mafi girma da muka taɓa samu. Magini ya matsa, rana ta ƙi fitowa. Kwana uku da zubi na ce a loda. Inna ta kara allo a kumatu ta ce a ƙara mako guda. A gaban kowa na ce mata kumatu ba ma'auni ba ne, mu da muka yi karatu mun wuce wannan. Ta dube ni ta ce to, Malama, Allah ya ba da sa'a. Ta ɗauki mayafinta ta tafi, ba ta dawo ba.

Ba a yi wata guda ba silin ya yi ciki, ya yi baƙi-baƙi, ranar wata Juma'a alluna huɗu suka rikito kan benci. Allah ya rufa asiri babu yara a ajin. Daga nan duk magini daga Fassi har Durba ya koma ɗauko na kamfani daga Kano. Matan suka watse, wata ƙuli-ƙuli, wata ɗinki.

Karatun bai cuce ni ba, har gobe ina zuwa aji. Girman kai ne ya cuce ni. 'Yan'uwana mata masu sana'a, in kun samu wadda ta daɗe tana taɓa abu da hannunta, ku bar ta ta gama magana, ko ba ta iya rubuta sunanta ba.

Abu ɗaya na yi daidai. Washegarin ranar da silin ya zubo, na ɗaure ɓallin allon a gefen zani, na hau mashin zuwa Madachi. Na tarar da Inna tana sussuka, na durƙusa na ajiye shi a gabanta, na ce ta yafe mini. Ta ɗauka, ta kara a kumatuna, ta ce in ji da kaina. Har lokacin da sanyinsa.