Goruba biyar, tsamiya biyar

Shekarar da ƙanwata ta yi haihuwar fari, uwarmu ta riga ta rasu, don haka da ta dawo gidanmu wankan jego, ni na tsaya mata. Muna wani ƙauye ne arewa da Tasawa, tun Nasara bai shigo ƙasar ba. Kwana arba'in ake yi, safe da marece, da tafasasshen ruwa da ganyen sabara. Wadda aka rage wa kwanaki, sanyi ke shigarta, ƙafafu su kumbura. Na ga wadda hakan ya kai kabari, kuma ƙanwa ɗaya gare ni.

Ban yi allo ba, amma ƙidaya ba ta taɓa ɓace mini ba. Na samo ƙoƙo. Kowane marece in an gama wanka, in jefa ɗan tsamiya guda. In sun kai bakwai, in kwashe, in sa ƙwallon goruba ɗaya a madadinsu. Bakwai na zaɓa don ran Talata aka soma wankan, ranar da muke cin kasuwa. Duk Talatar da na tafi sayen kanwar kunu, dole in bar ƙoƙon ba tsamiya ko ɗaya. In na ga saura, na san na yi mantuwa.

Wata Talata da hantsi sai ga gwaggon mijin ƙanwata a kan jaki. Bayan gaisuwa ta ce gero ya nuna, ba mai kai wa maza fura gona, iccen da suke aiko mana kuma ya soma yi musu nauyi. Ta tambayi inda nake lissafi, na miƙa mata ƙoƙon. Ta juya shi a tafin hannu, goruba huɗu suka faɗo.

Ta ce, "To ai shi ke nan, ɗiyata. Goma huɗu, arba'in. Mai jego ta ɗaure kayanta."

Ƙanwata na kan gado, ta dube ni. A ranar ko tsayuwa sai ta dafa bango.

Na ce, "Gwaggo, gorubar gidanku goma take ci. Tawa bakwai."

Ta yi dariya, ta ce tun da take ba ta ji mai ƙirga da bakwai ba sai ni, ko yatsuna ne ba su cika ba? Na ware mata su duka goma ta gani. Sannan na tambaye ta kasuwa nawa aka ci tun haihuwar. Ta lanƙwasa yatsu: ta goron suna, ta bayanta, wadda hadari ya watse, sai ta yau. Huɗu. Na zubo tsamiya a tabarma, na jera bakwai-bakwai gaban kowace goruba, ta ƙirga da bakinta har ashirin da takwas. Ta sake ƙirgawa.

Ta tambaya, to arba'in ɗina yaya kamarsa? Na ce goruba biyar, tsamiya biyar, hannun dama daidai da na hagu, kuma ran Asabar zai faɗo.

Ta sha kunu, ta hau jakinta ita kaɗai. Kwana biyu sai ga icce kaya uku.

Ran Asabar ɗin da gwaggon ta dawo, ƙanwata ce da kanta ta ɗauko tulu daga rijiya ta ba jakin ruwa.