Abin da Ya Sa Nake Ci da Hagu

Salamu alaikum jama'a. Na jima ban ce uffan a nan ba, tun ranar da aka saka hotona a wurin sunan jikata ina cin tuwo da hagu, wani yaro ya rubuta a ƙasa: "Tsoho har da furfura, bai san sunna ba."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Yanzu na huce, ga labarin hannun.

Zamanin Turawa ne, gab da tafiyarsu. Ina yaro a ƙauyenmu, arewa da Minjibir, tsargiya ta kama ni kamar duk mai wanka a kududdufi. A wurinmu fitsarin jini ba ciwo ba ne, har cewa ake yaro ya fara girma. Sai da na rame, fartanya ta gagare ni, sannan Baba ya ɗora ni a jaki zuwa wani asibiti a birni.

Aka duba fitsarina, aka ce allurar jijiya za a riƙa yi min, sai na kwanta.

Damina ce, ana tsakiyar noman farko. Baba ba zai zauna ba. Da zai tafi ya dafa kaina ya ce, "Ciyawa ba ta jira. Kai namiji ne, ko a kaciya ba ka yi kuka ba. Kada in ji an ce ɗana ya yi raki a gaban mutanen birni."

Malamin asibitin da ya saba yi min yakan ɗaure hannuna na dama, ya soka, ya ɗan ja sai ya ga jini, sannan ya tura maganin a hankali. Wata safiya wani ne ya zo. Mutane sun yi yawa, yana sauri. Ya soka, bai ja ya ga jini ba, ya hau turawa.

Ji na yi kamar an ɗora min garwashi.

"Da zafi?" in ji shi, idonsa na kan na bayana.

Na cije na ce, "A'a."

Ya tura duka. Ashe allurar ta zarce jijiya, maganin a nama ya zube.

Hannun ya kumbura, ya yi baƙi, ya fashe. Likita Bature ya zo da tafinta, ya ce maganin nan in ya bar jijiya cin nama yake. Ya tambaya, "Me ya hana yaron magana?" Ni aka tambaya fa, ba wanda ya riƙe allurar ba. Har yau wannan na ci min rai.

Ya ce in baƙin ya haura sama, yanke hannun za a yi.

Kullum da safe a wanke gyambon, a kankare, a naɗe. Ni kuwa in leƙa in ga inda baƙin ya kai. Tsoro nake ji, kuma ba wanda zan gaya wa. Lokacin dubiya kowa da nasa, da kwanon fura ko koko. Ni sai in juya bango in yi kamar barci. In an yi ruwa, ƙanshin ƙasa ya shigo ta taga, sai kewar gida ta shaƙe ni.

Allah ya taƙaita, baƙin ya tsaya. Amma gwiwar hannun ta sandare, hannun ba ya kaiwa baki.

Da kaka Baba ya zo ɗaukata. Ya daɗe yana kallon hannun.

"Ba ka gaya musu da zafi ba?"

"Ka ce kada in yi raki, Baba."

Ya ɗora ni a jaki, muka kama hanyar gida.

A gida, da na sa hagu a akushi, yayyena suka janye hannu, aka ware min nawa. Washegari Baba ya bar akushin manya a zaure, ya zo ya zauna gabana ya yi bisimilla. Haka muka riƙa ci tare har ya koma ga Allah. Tun daga nan yawanci ni kaɗai nake ci, don gudun kallo.

Na gode wa Allah da ya bar min hannun. Allah ya jiƙan Baba da waɗanda suka wanke min gyambo.

In ana muku allurar jijiya ko ƙarin ruwa kuka ji raɗaɗi ko kumburi, ku ɗaga murya a tsaya. Ma'aikatan jinya, ku tabbata kuna cikin jijiya, ku tura a hankali. In yaro ya ce babu zafi, ku dubi fuskarsa.

Kai kuma ɗana mai sharhi, na yafe maka. In hanya ta biyo da kai, ka shigo mu ci tuwo. Gefen Baba na akushin har yanzu ba kowa.